Yadda ake kallon tsofaffin jiragen yaƙi a gidan tarihi da ɗaukarsu hoto mai kyau

Masu tambayata wace irin kyamara nake ɗaukar tsofaffin jiragen yaƙin nan da ita, ga bayanin a jere, dan Allah a karanta a nutse don ba tsadar kyamara bace take kawo hoton. Jirgi a gidan tarihi yana da wuyar ɗauka saboda ƙato ne, rumfar da aka ajiye shi yawanci akwai duhu, sannan an cusa shi tsakanin wasu jiragen ga igiya ga allo ga mutane. Wanda ya san yadda zai yi da waɗannan ko da wayar hannu ce zai dawo da abin nunawa, wanda kuma ya shiga yana ta danne-danne tun daga bakin ƙofa zai cika memori da hoton da shi kansa ba zai sake buɗewa ba.

Kuma Bakano ya sani shi ba baƙo bane a labarin nan. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne jiragen farko da suka sauka a Najeriya. Lokacin yaƙin duniya na biyu kuwa, daga 1940, a akwati ake kawo jiragen yaƙi ta ruwa zuwa Takoradi a Gana, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas su sauka Kano su sha mai, su wuce Maiduguri, Injamena, Khartum har Alkahira. Sama da jirage 5,000 suka bi hanyar nan. Toh inka tsaya gaban jirgin yaƙin Ingila ƙirar Hurricane a gidan tarihi a Landan, irinsa ya sha ƙurar Kano tun kafin a haifi iyayen da yawa daga cikinmu.

Kayan da zaka tanada

Waya mai kyamara mai kyau ta isa, musamman wadda take da Pro a cikin kyamararta, wato inda kake saita komai da kanka. In kana da kyamara ta gaske, lensin da ya fi amfani shi ne mai faɗi, wajen 16 zuwa 35mm, sai wani mai ɗan jawowa kamar 50 ko 85mm na ɗaukar ƙananan abubuwa. In ɗaya gareka irin 18-55mm ɗin da yake zuwa da kyamara, wallahi ya wadatar, kar kaje ka ci bashi saboda lensi.

Batir biyu, ko fawabank in waya ce, kuma fawabank a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda da shi cikin akwatin da za a auna ba. Memori ya zama ka kwashe abinda ke ciki tun a gida. In sabo zaka siya a Farm Centre ko Beirut Road ka gwada shi a gaban mai shagon, ka cika shi da bidiyo ka gani ko girman da aka rubuta gaskiya ne, don na bogi sun yi yawa kuma sai ka dawo zaka gane hotunan sun lalace. Ɗan ƙyallen goge gilashi. Kan caja, na Ingila irin namu ne mai baki uku, na Amurka da Turkiyya daban ne. Takalmi mara nauyi saboda yini zaka yi a tsaye a kan siminti, da rigar sanyi in ƙasar Turawa ce domin rumfunan nan ba ko'ina ake ɗumama su ba. Ɗan littafi da biro.

Sandar kyamara mai ƙafa uku ka barta a gida sai in ka nemi izini a rubuce, gidaje da yawa basa bari. Akwai wani gilashi da ake ɗaurawa a bakin lensi mai suna CPL, yana rage ƙyallin gilashi da na fenti, in ka samu to, in babu ba komai zan faɗi dabarar da take maye gurbinsa.

1. Zaɓi gidan da zaka je

A gida Najeriya wanda ya kamata kowa ya fara da shi shi ne National War Museum da ke Umuahia a jihar Abiya, an kafa shi 1985. Akwai MiG-17 da Il-28 na sojan tarayya, da ɗan ƙaramin jirgin nan MFI-9 na ɓangaren Biyafara wanda Baturen Suwidin Carl Gustaf von Rosen ya ɗaura wa rokoki a 1969. Su MiG ɗin ma ta filin jirgin Kano suka shigo ƙasar a 1967. Sai dai jiragen Umuahia a waje suke rana da ruwa na dukansu, kar ka tafi da tsammanin sheƙi.

Masu zuwa Dubai sari, Sharja na nan kusa, akwai gidan tarihin Al Mahatta a tsohon filin jirginsu na 1932, ƙarami ne amma akwai Dakota da Avro Anson, awa biyu sun ishe ka. Masu zuwa Turkiyya akwai gidan tarihin sojan sama a Yeşilköy cikin Istanbul. A Riyad akwai Saqr Al Jazira inda zaka ga Dakota mai tuna jirgin da shugaban Amurka Roosevelt ya bai wa Sarki Abdul'aziz a 1945. A Johannesburg akwai gidan tarihin soja mai jiragen Jamus irin Me 262 da Fw 190.

Amma in ana maganar jiragen da aka gyara aka dawo da su tamkar ranar da suka fito daga kamfani, ni a wajena Ingila da Amurka ne gaba. RAF Museum da ke Hendon a arewacin Landan kyauta ake shiga, ɗalibanmu da ke can basu da uzuri. Duxford kusa da Cambridge ana biya amma filin jirgin yaƙi ne na asali kuma zaka iya ganin masu gyara suna kan aiki. A Amurka akwai Udvar-Hazy kusa da filin jirgin Dulles, da na sojan sama a Dayton jihar Ohio, duka biyun ba kuɗin shiga.

Gargaɗi babba, filin jirgin Malam Aminu Kano da sansanin sojan sama ba gidan tarihi bane. Kar ka hango jirgin soja ka zaro waya, za a karɓe ta kuma ka yini kana bayani. Haka a kowace ƙasa.

2. Bincika kafin ka fita

Ka duba ranakun da suke buɗewa, ko ana yankar tikiti tun kafin a je, da dokarsu kan hoto. Sannan ka duba ko jirgin da kake so yana nan, don suna ɗauke jirgi su kai gyara ko su ba wani gidan aro. Misali RAF Museum suna da DH.9A irin wanda ya fara sauka Kano, in shi ya kai ka ka tabbatar a wace rumfa yake. Zaɓi jirage uku zuwa biyar ka karanta labarinsu, sauran duk ƙari ne. Ranar aiki ta fi ƙarshen mako, kuma ka guji lokacin hutun makarantunsu.

3. Yi gwaji tun a Kano

Kar ranar farko da zaka taɓa Pro ɗin wayarka ta zama a gaban shahararren jirgin yaƙin Ingilan nan Spitfire. Samu gareji ko sito mai rufin kwano inda haske ke shigowa ta ƙofa kawai, ka roƙi masu wurin, ka ɗauki babbar mota daga gaba, daga gefe, a durƙushe, a tsaye. Matsalar duk ɗaya ce, abu dogo mai ƙyalli a wuri mai duhu. Ka koma gida ka buɗe hotunan ka zuƙo su sosai ka ga wanne ya girgiza, daga nan zaka san iya inda hannunka yake tsayawa.

4. Zagayen farko babu hoto

Ka isa ana buɗe ƙofa. In akwai jirgi ɗaya da kasan anjima mutane zasu yi masa rumfa, je ka ɗauke shi yanzu a minti goman farko, daga nan mayar da kyamara jaka ka zagaya da idonka kawai. Wannan matakin shi mutane ke tsallakewa kuma shi ne gaba ɗaya aikin, don abinda baka gani ba ba zaka ɗauka ba.

Me zaka duba? Fara da allon bayani, in ba ka jin yaren ka ɗora manhajar fassara a kai. Ka nemi amsar abu uku, wane iri ne, shi wannan ɗin ya je yaƙi ko bai je ba, kuma me aka gyara a jikinsa. Domin jirgin da aka ce an gyara kala-kala ne. Akwai wanda ya yi yaƙin da gaske aka adana shi, kamar babban jirgin jefa bam ɗin nan Lancaster na Hendon mai lamba R5868 da ya fita kai hari sau 137, zanen ƙananan bama-bamai na nan jere a gefen hancinsa kowanne fita ɗaya. Akwai wanda aka haɗa daga gawar jirage biyu ko uku. Akwai wanda aka yi wa fentin wani shahararren jirgi alhali ba shi bane, akwai kuma kwaikwayo zalla wanda bai taɓa tashi ba. Duk suna da daraja amma ya kamata ka san wanne kake kallo kafin ka rubuta wa mutane cewa wannan ne ya yi kaza.

Sai ka matsa iya inda igiya ta bari ka kalli fatar jirgin. Spitfire jikinsa ƙarfen alminiyam ne da layin ribit, wato ƙananan ƙusoshin da suka haɗa ƙarfen, fiffikensa mai lanƙwasa kamar ganye, faɗinsa wajen mita 11. Hurricane kuwa in ka kalli bayansa daga mazaunin matuƙi zuwa jela zaka ga layi-layi a miƙe, yadi ne aka ɗame a kan katako aka shafe da wani irin fenti mai ƙarfafa shi, shi yasa harsashi kan wuce ta ciki a liƙe ramin a koma fagen daga. In ka ga Hurricane ko Spitfire da wani ƙullutu a ƙarƙashin hanci da fentin ruwan ƙasa, matatar ƙura ce ta jiragen sahara, irin waɗanda suka bi ta wajenmu kenan. In ka ga zane baƙi da fari a fiffike, alamar da aka yi wa jiragen Ingila da Amurka da ƙawayensu ce lokacin shiga Normandi a Faransa ranar 6 ga Yuni 1944 don kar nasu su harbo su. MiG-17 kuma bakinsa a buɗe yake a gaba ta nan injin ke shaƙar iska, fiffiken ya kwanta baya.

Ka tuna hannun mutane ne ya yi wannan gyaran, da yawansu ma 'yan sa kai ne tsofaffin makanikai da basa karɓar ko sisi. Jirgin jefa bam na Amurka B-29 ɗin nan mai suna Enola Gay tun 1984 aka fara gyaransa sai 2003 aka kafa shi cikakke a Udvar-Hazy, wata mai suna Memphis Belle ta Dayton ta ci shekara 13 kafin a fito da ita a 2018. Duk wanda ya taɓa zama wajen fanel bita a Kofar Ruwa ya ga yadda ake fama da ƙofar mota ɗaya zai girmama mutumin da ya daidaita fiffike mai mita 43 irin na Enola Gay. In ka ga dattijo da rigar ma'aikata yana tsaye kusa da jirgi, gaishe shi ka tambaye shi wane ɓangare ne na asali, wallahi wani sai ya riƙe ka rabin awa yana nuna maka facin harsashi da kai kaɗai ba zaka taɓa lura ba.

A zagayen nan ne kuma zaka lura ta ina haske ke shigowa, ina akwai bene ko matakala, ka rubuta a littafinka.

5. Saita kyamara

Kashe filasha. Bata kai tsawon jirgi, hancin ne kawai zai yi fari fat sauran ya nutse a duhu, ga shi wurare da yawa sun hana.

In kyamara ce, sa ta a A ko Av inda kai ke zaɓar buɗin lensi, buɗin ya zama f/4 zuwa f/5.6, ISO wato ƙarfin jan hasken kyamara 1600, in duhun ya yi yawa 3200. Ka riƙa kallon saurin shota, da lensi mai faɗi kar ya sauka ƙasa da 1/60, da 85mm kar ya gaza 1/125. Sabbin shiga suna tsoron ɗaga ISO wai hoto zai yi yashi-yashi, sai su bar shi a 200 shota ta yi sanyi hoton ya girgiza. Yashi ana rage shi wajen gyara, hoton da ya girgiza kuwa ya tafi kenan. Ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara bata sarrafa ba, in kyamararka na yi, saboda a rumfa ɗaya zaka samu hasken taga mai shuɗi-shuɗi da ƙwan lantarki mai ja-ja, a RAW ne zaka iya daidaita kalar daga baya. In ba RAW, nemi wani abu fari ko toka-toka a wurin ka saita kalar da shi. In ka ga layuka masu duhu suna ratsa hoton, fitilun ne ke kyaftawa, mayar da shota 1/50 ko 1/100 a Ingila, 1/60 ko 1/125 a Amurka.

In waya ce, fara goge idon kyamarar, maiƙon yatsa shi ke sa fitilu su yi jela. Yi amfani da 1x don shi ne ya fi jan haske. 0.5x ɗin nan yana da daɗi tunda yana kwaso jirgin duka, amma yana kumbura hanci ya tsuke jela kuma a duhu hotonsa bashi da kyau, sai dole. Kar ka zuƙo da yatsu biyu, in wayar bata da 2x ko 3x na gaskiya ka taka da ƙafarka ko ka yanke daga baya. Danna kan jikin jirgin ka riƙe har ya kulle, sannan ka ja hasken sama ko ƙasa. Night, wato saitin ɗaukar dare, yana aiki sosai tunda jirgi baya motsi, kai dai ka tsaya cak.

Kyamara tana ruɗewa a wuri biyu. In akwai taga ko buɗaɗɗiyar ƙofa a bayan jirgin zata mai da shi baƙi, sai ka ƙara haske +1. In jirgin baƙi ne kamar ƙasan Lancaster zata ɗauka duhu ne ta wanke shi ya koma toka, sai ka rage kaɗan wajen -0.7.

Tunda babu sanda, jingina kafaɗa da ginshiƙi, matse gwiwar hannu a jikinka, sauke numfashi sannan ka danna, kuma ka ɗauki uku a jere, na tsakiya yawanci shi ya fi tsayuwa. Ko ka ajiye jakarka a ƙasa ka ɗora kyamarar a kai ka sa mata sakan biyu ta ɗauka da kanta, nan zaka iya sauke ISO har 200 hoton ya fito garau. In ka shigo daga sanyi gilashin ya yi gumi, kar ka yi ta gogewa, jira minti goma zai washe.

6. Inda zaka tsaya

Wanda ya taɓa ɗaukar doki ranar Hawan Daushe ya san ba daga gefe sak ake ɗauka ba, ba kuma a tsaye ƙiƙam ba, ɗan kaucewa ake daga gabansa a durƙusa sai dokin ya yi kwarjini. Haka jirgi. Tsaya tsakanin hanci da ƙarshen fiffike, ka rage tsawo zuwa gwiwa, sai farfela ta hau sama, tayoyi su fito, jikin ya miƙe zuwa jela. Durƙuson yana da wani amfanin, yana ɓoye tarkacen da ke bayan jirgin ya bar maka rufin rumfa kawai. Jiragen yaƙin duniya na biyu masu ƙaramar taya a jela dama hancinsu a ɗage yake, wannan tsayuwar tana karɓarsu ƙwarai.

Kafin ka danna bi gefunan hoton huɗu da ido. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke ƙarshen fiffike ko kan farfela da ɗan kaɗan. Ko dai ka shigo da shi duka da ɗan fili, ko ka yanke sosai yadda kowa zai san da gangan ne. Duba kuma kar jelar wani jirgin ta tsiro a kan naka, taku ɗaya hagu ko dama yana raba su. Ginshiƙan rumfa su tsaya a miƙe, kunna layukan nan na kan allo su taimaka maka.

Daga gaba sak ma yana kyau in ka tsaya daidai tsakiya fiffike biyu suka yi daidai. In akwai bene hau, daga sama ne kawai ake ganin siffar fiffiken Spitfire da zanen ɓad-da-kama. Manyan jirage irin Lancaster mai mita 31 ko B-52 na Duxford kuwa ka haƙura da kwaso su duka in wurin ya matse, ɗauki hanci da injin biyu, ko ka ja da baya can nesa ka yi amfani da lensi mai jawowa. In dole kana son shi duka, ɗauki hotuna huɗu ko biyar a jere kowanne ya hau kan na baya da kashi ɗaya cikin uku, ka haɗe su a kwamfuta.

7. Matsa kusa

Nan ne hotunan da mutane ke tsayawa a kai suke. Bakunan salansa na injin Merlin a gefen hancin Spitfire, ƙarfen ya ƙone ya yi kalar tsatsa da shuɗi. Layin ribit in haske ya bugo shi daga gefe kowanne da 'yar inuwarsa. Ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi a jikin fiffike, lambar jirgin kusa da jela, bakin bindiga, inda takalmin matuƙi ya goge fenti wajen hawa. Don irin waɗannan ka sa hasken ya zo daga gefe, in yana bayanka komai zai kwanta ya yi sumul.

Dabara ɗaya da zata cece ka, duk jirgin da zaka fara ɗauka, fara da allon bayaninsa. In ka dawo da hoto ɗari huɗu allon ne zai raba maka su.

Wajen mazaunin matuƙi da akwatunan gilashi ƙyalli ne matsala. In kana da CPL juya shi a hankali har ƙyallin ya ɓace, amma yana cin haske don haka ka ɗaga ISO, kuma baya aiki a kan ƙarfe tsirara irin jikin Enola Gay. In babu shi, kauce gefe har fitilar ta fita daga gilashin, ko in akwatin nuni ne ka matso da lensin dab da gilashi ka kare gefe da hannu ko hula. Farar shadda tana fitowa ɓaro-ɓaro a gilashi da jikin jirgi mai sheƙi, ranar ka sa kaya masu duhu.

Kar ka taɓa. Yadin jiki yana iya hujewa, gumin hannu yana cin alminiyam, kuma agogunan cikin tsofaffin jirage da yawa an shafa musu fentin radiyom don su yi haske da dare, har yau yana fitar da tururi mai cutarwa, shi yasa ake rufe su. Kar ka tsallake igiya ko da ba mai kallo, kar ka miƙa sandar selfi ta kan fiffike.

8. Na waje da na rataye

Na waje irin na Umuahia, safiya ko bayan la'asar. Da tsakar rana saman fiffike zai ƙone ƙasansa ya yi baƙi ƙirin. Ranar da gari ya lumshe ma tana da kyau. ISO 100 ko 200, f/8, rana ta kasance bayanka ta ɗan gefe. Tsatsa da fentin da ya ɓare kar ka ɓoye su, halin da jirgin ke ciki kenan kuma hotonka shaida ne.

Na rataye a sama kuwa fitilun rufi ne ke bayansu, ƙara haske, ka nemi bene da zai kawo ka daidai da su. Wayoyin da suka riƙe shi ni bana goge su.

9. Mutane da ladabi

Mutum ɗaya a gefen taya yana nuna girman jirgi fiye da duk bayanin da zaka rubuta, sa abokin tafiyarka ya tsaya yana kallon jirgin. In cunkoso ne saita komai ka jira, gibin sakan biyu yana zuwa. Kar ka ɗauki yaran mutane, musamman 'yan makaranta, a ƙasashen nan babban lamari ne. Hoton kanka ka bari sai ƙarshe. In lokacin sallah ya yi tambayi masu karɓar baƙi, sukan nuna maka wuri mai natsuwa.

Sannan dan Allah a tuna mene ne waɗannan abubuwan. Enola Gay shi ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945. Jiragen Umuahia sun zuba wuta a kan 'yan ƙasa ɗaya tsakanin 1967 da 1970, kuma mai yi maka bayanin a wurin wataƙila danginsa na cikin waɗanda abin ya shafa. Ba wurin ɗaga yatsu ana dariya a gaban bindiga bane, ba kuma wurin tsokanar ƙabilanci bane in ka zo ɗora hoton.

10. Bayan ka dawo

A daren ka kwafe hotunan wuri biyu kafin ka goge komai. Sai ka tace ba tausayi, a kowane jirgi ka bar ɗaya cikakke da biyu ko uku na kusa. Snapseed ko Lightroom na waya sun isa, miƙar da hoton, gyara kala har fari ya zama fari, ɗaga inuwa kaɗan, rage yashi. Kar ka cika kala, masu gyaran nan sun sha wahala wajen nemo ainihin launin fentin zamanin, in ka mai da koren soja ya koma koren ganye ka ɓata musu aiki. In fitilun wurin sun haɗa kala uku sun ƙi daidaituwa, mai da hoton baƙi da fari.

In zaka tura ta WhatsApp tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ribit ɗin duk su narke. A ƙarƙashin kowane hoto rubuta irin jirgin, lambarsa, gidan tarihin da shekarar da ka ɗauka, ka kuma faɗi ko na asali ne ko an yi masa fentin wani, duk daga allon da ka ɗauka a mataki na 7. In Hurricane ne ko Blenheim ka ƙara layi ɗaya cewa irinsu sun riƙa sauka a Kano daga 1940 a hanyarsu ta zuwa Alkahira.